DARASIN TARIHI: YADDA TSIBIRI YA KARE SARARIN SAMANIYARSA A SHEKARAR 1940

Darasinmu na wannan fitowar zai amsa tambaya ɗaya: idan tsibiri yana fuskantar maƙwabcin da ya fi shi sojoji da jirage, ta yaya zai tsira? Misalin da muka zaɓa shi ne Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila.

Halin da ake ciki

A watan Yuni na 1940 Faransa ta miƙa wuya ga Jamus. Sojojin Birtaniya sun tsallako teku daga Dankak da ƙyar, sun bar yawancin tankokinsu da manyan bindigoginsu a can. Abin da ya raba Ingila da rundunar Hitila shi ne mashigin ruwa wanda bai wuce kilomita 34 ba a inda ya fi ƙunci. Ranar 16 ga Yuli Hitila ya ba da umarnin a shirya mamaye tsibirin, aka yi wa shirin laƙabi da Zakin Teku.

Sai dai akwai cikas. Sojan ƙasa ba zai taka ruwa da ƙafa ba, dole a ɗauke shi a jirgin ruwa, kuma sojojin ruwan Birtaniya sun fi na Jamus ƙarfi nesa ba kusa ba. Don haka sai Jamus ta fara mallakar sararin sama kafin jiragen ruwanta su tsallaka lafiya. Wannan ya sa buƙatun ɓangarorin biyu suka bambanta. Jamus tana bukatar ta murƙushe mayaƙan saman Birtaniya gaba ɗaya kafin sanyi da guguwar teku su shigo. Ita kuwa Birtaniya abin da kawai take bukata shi ne mayaƙanta su ci gaba da tashi har lokaci ya ƙure wa abokan gaba. Ku riƙe wannan, domin a kansa aka gina duk sauran dabarun.

Jamus ta shigo da jirage sama da 2,000. Jiragen tare hanya na Birtaniya da ke shirye a farkon yaƙin ba su wuce 700 ba, yawancinsu samfurin Hurricane da Spitfire. Kwamandansu shi ne Hugh Dowding.

Dabara ta farko: gani tun daga nesa

Tun 1935 wani masanin kimiyya mai suna Robert Watson-Watt ya nuna cewa igiyar rediyo tana bugun jikin jirgi ta dawo, kamar yadda murya ke dawowa idan ka yi kira a gindin dutse. Idan aka auna lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo, za a san nisan jirgin. Wannan ita ce na'urar rada (kada ku rikita ta da raɗar da ake yi a kunne). Kafin yaƙi ya ɓarke an jera dogayen turakunta a gaɓar kudu da gabashin ƙasar, suna hango jirage daga nisan sama da kilomita 150, wato tun suna taruwa a saman Faransa.

Na'urar tana da nakasu, domin teku take fuskanta. Da zarar jirgi ya wuce ta ya shigo cikin ƙasa, sai ya ɓace mata. An toshe wannan giɓi da 'yan sa-kai kusan 30,000, waɗanda ke zaune a wuraren tsaro kimanin 1,000 da tabaran hangen nesa da wayar tarho, suna ƙirga jirage suna ba da rahoto.

Dabara ta biyu: tace labari da isar da shi

Ita ma Jamus tana da rada, wata ma ta fi ta Ingila inganci. Abin da ba ta da shi shi ne tsarin da Dowding ya gina. Duk rahotanni suna zuwa hedikwatarsa da ke Bentley Priory, a wani ɗaki da ake kwatanta su, a zubar da mai kuskure, a fitar da hoto ɗaya tsayayye. Daga nan mata ma'aikatan rundunar suna tura alamomi da dogayen sanduna a kan babban tebur mai taswira, kwamandoji na kallo daga sama. An raba ƙasar shiyya huɗu. Shiyyar kudu maso gabas, inda wuta ta fi zafi, tana hannun Keith Park, mutumin Niyu Zilan. Daga shiyya umarni yake sauka zuwa filayen jirage, a faɗa wa matuƙa ta rediyo inda za su nufa da tsayin da za su hau. Duk wannan cikin 'yan mintoci.

Amfaninsa a fili yake. Ba don tsarin ba, da sai jirage sun yini suna shawagi suna neman abokan gaba, mai ya ƙare, matuƙa su gaji. Da shi kuwa jirgi yana zaune a ƙasa sai an bukace shi, kuma idan ya tashi ya san inda zai dosa.

Dabara ta uku: tattalin abin da ke hannu

A watan Mayu, lokacin da Faransa ke neman agaji, Dowding ya rubuta wa gwamnati cewa kada a ƙara tura jirage can, domin idan suka ƙare babu abin da zai kare gida. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Shi ma Park bai yarda ya zuba duk jiragensa a karo ɗaya ba. Yakan tura su ƙungiya-ƙungiya, suna tarar maharan tun daga gaɓa har zuwa inda suka nufa. Wasu manyan hafsoshi sun soki wannan salo, suna son a tara jirage da yawa a yi gaba da gaba, amma tara su yana cin lokacin da babu shi.

A bayan fage kuma masana'antu suna aiki dare da rana, har Birtaniya ta riƙa ƙera jiragen tare hanya fiye da Jamus a waɗannan watanni. Waɗanda suka lalace ana gyara su a mayar da su fagen daga.

Dabara ta huɗu: amfanin faɗa a gida

Jirgin rakiya na Jamus, Messerschmitt 109, ba ya ɗaukar mai da yawa. Idan ya iso saman Landan, kimanin minti goma kawai yake da shi na faɗa, sai ya juya, ya bar masu jefa bamabamai ba kariya. Haka kuma matuƙin Birtaniya da aka harbo, idan ya diro da lema lafiya, yana iya komawa bakin aiki a ranar. Bajamushen da ya diro kuwa ya zama fursuna.

Yadda ta kaya

Ranar 12 ga Agusta Jamusawa sun kai wa tashoshin rada hari, amma ba su ɗore ba, domin ba su gane muhimmancinsu ba. Daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba suka matsa wa filayen jiragen kudu, kuma a nan ne Birtaniya ta fi jigata, musamman wajen rashin gogaggun matuƙa. Sai ranar 7 ga Satumba suka karkata zuwa Landan. Mutanen birnin sun sha wuya, amma filayen jirage sun samu sararin farfaɗowa. Ranar 15 ga Satumba Jamusawa suka zo da babban hari suna zaton abokan karawarsu sun ƙare, sai suka tarar da ɗaruruwan jirage na jiransu. Bayan kwana biyu Hitila ya ɗage shirin mamayar, kuma ba a sake aiwatar da shi ba.

Nasarar ta zo da tsada. Cikin mayaƙan sama kusan 3,000 da suka fafata, 544 sun rasa rayukansu. A cikin mayaƙan akwai 145 daga Polan da wasu daga ƙasashe daban-daban. Ruwan bamabaman da ya ci gaba har Mayun 1941 ya hallaka fararen hula sama da 40,000.

To yau fa?

Tsibirin da ake yawan ambata a yau shi ne Taiwan, wanda Sin ke ɗauka wani ɓangare na ƙasarta, kuma mashigin kimanin kilomita 130 ne ya raba su a inda ya fi ƙunci. Makamai masu linzami na iya isa filin jirgi cikin mintoci, shi ya sa Taiwan ta haƙa maɓoyar jirage a cikin duwatsu, kuma matuƙanta na atisayen sauka a kan manyan tituna. Makamai sun sauya, amma manufar ita ce ta Dowding: kada ƙarfinka ya ƙare a bugun farko.

Tambayoyin nazari

1. Me ya sa rada kaɗai ba za ta isa ba in babu ɗakin tace rahotanni?
2. Da kai ne kwamandan Jamus, me za ka ci gaba da kai wa hari ranar 7 ga Satumba, kuma don me?
3. Wace dabara cikin huɗun nan ce makamai masu linzami suka fi raunana?

Ku rubuto amsoshinku ku saka a akwatin ƙungiya. Wadda ta fi gamsarwa za mu liƙa ta a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.