Yadda Haske Yake Tona Asirin Guba a Cikin Citta

Idan kun taɓa bin hanyar Kafanchan zuwa Kagoma da Kwoi da rani, kun ga citta a shanye. Yawancinta ƙasashen waje ake kai ta. Amma cittar da ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana haifar da guba mai suna afulatoksin. Ido ba ya ganin gubar, dafuwa ba ta kawar da ita, ga shi tana jawo ciwon daji na hanta. To, yaya masana kimiyya suke gano ta?

Da haske suke yi. Ku zuba zoɓo mai kauri a kofin gilashi, ku zuba tsararo a wani, ku ɗaga su wajen taga. Mai kaurin ya fi duhu, domin ya fi shanye haske. Haka sinadarai suke: kowanne yana da irin hasken da yake sha, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon abin da zai sha. Wannan ita ce dokar da Bajamushe August Beer ya bayyana a 1852. Na'ura tana auna hasken da ya shiga ruwan gwaji da wanda ya fita, daga nan a lissafa yawan sinadarin.

Wasu sinadaran kuwa ba sa tsayawa a nan. Bayan sun sha haske, sai su mayar da wani sashensa da launi dabam. Afulatoksin tana shan hasken altrabayolet, wanda idonmu ba ya gani, mai tsawon zango kusan nanomita 365, sannan ta fitar da haske shuɗi ko kore. Wannan hanya ta fi ta farko kaifi nesa ba kusa ba, domin a cikin duhu ake aunawa, kuma ko ƙyallin ashana a duhu ba ya ɓuya.

Ana bukatar kaifin nan. Tarayyar Turai ba ta karɓar cittar da jimillar afulatoksin a cikinta ta wuce maikirogiram 10 a kilo ɗaya. Kada ku ɗauka haska buhu da fitila ya isa. Sai an niƙa cittar, an tace gubar a ɗakin gwaje-gwaje tukuna.

Tambayoyi
1. Me ya sa zoɓo mai kauri ya fi tsararo duhu?
2. Wace shawara za ku ba manomin citta game da shanya?