Yadda ake gyaran tsohon kwalkwalin yaƙi a Yamai

Kwalkwali tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe cikin kayan yaƙi, kuma har yau wanda ya kalli hawan salla a Damagaram ko Maraɗi, ko mahayan Zarmakoy na Doso, zai ga ƴan lifida sanye da shi, gashin jimina na kaɗawa a samansa. Da yaƙin doki ya ƙare, kayan suka rabu gida biyu. Wasu suka ci gaba da fita ranar hawa, wasu kuma aka jefa su cikin adaka, har gado ya kawo su hannun jikoki a Yamai. Na cikin adakar nake magana a kai, domin su ne ke cikin haɗari, kuma mafi yawan haɗarin daga mai son gyara yake zuwa. Mutum ya ga tsatsa, sai ya nufi wurin mai walda a kasuwar Katako, a kankare, a shafa fenti, a dawo masa da abu yana ƙyalli. A ganina aikin mai gyaran tsohon kwalkwali shi ne ya tsayar da lalacewa a inda ta kai, ya bar shekarun abin a jikinsa, duk abin da ya ƙara kuma ya zama ana iya gane shi, ana iya cire shi.

Masu tara kwalkwalin sojan Jamus sun koyi wannan darasi, kuma da asara suka koye shi. Jamus ta fito da kwalkwalin ƙarfe a 1916, tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya maye gurbin hular fata mai tsini a ka. An sake fasalinsa a 1935, aka rage aikin ƙirarsa a 1940 da 1942 don a yi sauri, har na 1942 aka bar bakinsa ba a naɗe ba. A cikin kowanne akwai hatimin masana'anta da lambar girma, shafin fatar cikinsa kuma ƙusa uku ke riƙe da shi. Waɗannan ƙananan alamu su ne shaidar shekararsa da asalinsa. Wanda ya goge fentin asali ya shafa sabo, ko ya cire busasshen shafi ya sa na kanti, ya karya darajar abin da hannunsa, kuma saboda ana ƙera sababbin shafi da maɗaurai ana tsufar da su da gangan, kasuwar ta cika da jabu. To wannan fa abu ne da aka ƙera miliyoyinsa a masana'anta. Namu maƙeri da baduku da maɗinki ne suka haɗu suka yi shi da hannu, babu guda biyu masu kama ɗaya, saboda haka abin da aka kankare daga jikinsa ba za a same shi a wani ba.

Matakin farko ba ya buƙatar komai sai ido da alƙalami. A shimfiɗa farin ƙyalle, a sa safar hannu, don gishirin gumi na cin ƙarfe, a ɗauki hoto ta gaba da baya da ciki da sama, da ma'auni a gefe. Sai a rubuta me da me aka yi shi da shi: ƙarfe ne, ko tagulla, ko farantan gwangwani da aka ɗora a kan tsumma mai kauri; akwai fata, akwai saƙi, akwai zoben sulke a wuya; ina ya tsage, ina ya lotsa. A tambayi dattawan gida wane ne ya sa shi, a wane gari, a ƙarƙashin wane sarki, a rubuta da sunan wanda ya faɗa. Idan saye aka yi, a nemi sanin hanyar da ya biyo, domin Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma yadda aka wawashe kayan tarihin Bura bayan gano su a 1975 ya isa ya sa mai saye ya yi hattara. Idan an tarar da laya ɗinke a ciki, a bar ta a rufe. Tana cikin kwalkwalin kamar yadda ƙarfensa yake ciki, kuma mai ita bai ɗinke ta don a buɗe ba.

Sai ƙura da ƙwari. Ƙurar hunturun Yamai ba ta barin komai, kuma idan damina ta zo ita ce ke riƙe laima a jikin ƙarfe. Ana share ta da burushi mai laushi irin na masu zane, daga sama zuwa ƙasa, ba a sa ruwa, ba a hura iska da ƙarfi. Idan an ga ƙananan huji a tsumma, ko gari yana zuba daga gashin jimina, to asu ko gara sun shiga. Maganin sauro na feshi yana ɓata launi, yana barin maiƙo, kuma ba ya kashe ƙwai. Hanyar da gidajen tarihi ke bi ita ce sanyi: a naɗe ɓangaren tsumma ko gashin a leda, a fitar da iska, a ɗaure, a sa a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili har mako biyu, a fito da shi a bar shi kwana guda cikin ledarsa kafin a buɗe, don raɓar ta sauka a kan leda. Sharaɗin shi ne wuta ta tsaya, don haka a nemi wurin da ke da janareta.

Ƙarfen shi ne inda aka fi yin ɓarna, don haka a nan ya kamata a daɗe. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai haske wadda ke ɓarewa tana zuba kamar gari, wannan tana kan cin ƙarfen, dole a cire ta. Akwai kuma baƙi-baƙi mai santsi da ya kwanta ya zauna, wannan ya riga ya zama rigar ƙarfen, yana kare abin da ke ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa a cikinsa ne sawun gudumar maƙeri da zanen ado suke. Sanfefa da yashi da injin gurza ba sa bambanta su, duk tare suke kwashewa. Ruwan batir da lemun tsami suna shiga ramuka su zauna, bayan ƴan watanni tsatsar ta dawo fiye da da. Abin da ake yi shi ne a rufe fata da tsumma da takarda, a bi jar tsatsar da tsinken itace da burushi mai ɗan tauri, wuri kaɗan-kaɗan, inda ta ƙi fita a taɓa ta da soson ƙarfe mafi laushi, a tsaya da zarar baƙin ya bayyana. Masu aikin adana kayan tarihi sukan shafa tataccen sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa, don ya kwantar da sauran tsatsar, amma yana mayar da ƙarfe baƙi, saboda haka ba a sa shi a kan fenti ko farin ƙarfe. Daga ƙarshe a shafa kaki siriri a goge da ƙyalle. Wanda aka fi yarda da shi kakin da ake tacewa daga man fetur ne, irin Renaissance Wax da aka haɗa a gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950, don ba shi da tsami kuma ana iya wanke shi. Lotsawa kuwa a ƙyale ta. Wataƙila sawun takobi ne, wataƙila faɗuwa ce daga doki, kuma tsohon ƙarfe idan aka buga shi tsagewa yake yi. Walda ma haka, zafinta na ƙone duk abin da ke manne da ƙarfen.

Tagulla ba ta da wannan wahala. Koren maiƙon da ke taruwa inda ta haɗu da fata ana ɗauke shi da tsinke da auduga, sauran duhunta a bar shi. Fata ce ke jawo gardama, domin kowa ya ga ta bushe hannunsa na zuwa ga man shanu ko man kaɗe. Ga sirdin da ake hawa kullum hakan na da amfani. Ga fatar da ta shekara ɗari, man yana sa ta yi baƙi, yana tsami, yana kama ƙura, yana kiran ƙwari da ɓera, kuma ba ya fita. Fatar da ba za ta ƙara lanƙwasa ba ba ta buƙatar laushi, tallafi take buƙata. Inda ta tsage sai a manna siririn ƙyalle ta baya da gam ɗin da ake iya narkarwa, irin Paraloid B-72, a bar gam mai kamawa nan take, wanda ba ya cirewa sai da naman fatar.

Neman abin da ya ɓace, wato maɗaurin haɓa, ko shafin ciki, ko ƙusa, ko tuntu, shi ne inda Yamai ta fi wurare da yawa sa'a. Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, yana da dukawa da maƙera da masaƙa suna aiki a harabarsa, ga kuma masu sana'ar hannu na Wadata, ga maƙeran Katako da za su iya yin ƙusa daidai awon tsohuwa. A nemi fatar da aka jeme da bagaruwa, kada a ɗauki ta kamfani, a nemi saƙi na auduga, abin cusawa kuma auduga ko audugar rimi. A bi tsofaffin hujin ɗinki, kada a huda sabo. A rubuta shekarar gyara a bayan sabon yankin, inda mai dubawa zai gani, a bar launinsa ya ɗan bambanta, kada a tsufar da shi da hayaƙi ko shayi. Wannan ƙa'ida ba sabuwa ba ce, yarjejeniyar Venis ta 1964 ta shimfiɗa ta a kan gine-ginen tarihi, cewa abin da aka ƙara ya dace da na asali amma ya zama ana iya bambanta su. Guntun da aka cire, ko ya ruɓe, a sa shi a ambulan a ajiye tare da kwalkwalin. Kada a farke wani tsohon don a cike wannan, asara biyu ke nan. Gashin jimina kuma a sayi na jiminar kiwo, domin ta dajin Nijar ta kusa ƙarewa, har sai da aka buɗe wurin renonta a Kelle cikin jihar Damagaram.

Wani zai ce, kakanninmu ba haka suka yi ba, idan maɗauri ya tsinke sabo suke sawa, idan ƙarfe ya dushe su goge, kuma kwalkwalin sarauta don a gan shi yana walƙiya ranar hawa aka yi shi. Maganar tana da ƙarfi, kuma gaskiya ce ga kayan da ke kan aiki. Amma su sun yi haka ne lokacin da maƙerin da ya san ƙirar yana raye a ƙofar fada, ana iya yin wani gobe. Yau tsohon shi ne kaɗai samfurin da ya rage na yadda aka yi wancan aiki. Mafita ita ce a kai shi gaban masu sana'a su auna, su ƙera sabo irinsa don hawa, a goge wannan yadda ake so. Da haka maƙeri ya samu aiki, ya kuma koyi ƙirar da ta kusa ɓacewa, mahayi ya fita da kwalliyarsa, tsohon ya huta. Wani kuma zai ce wannan tsari na Turawa ne mai tsada. Idan aka duba, kaki da gam ne kawai sai an aiko da su daga waje, kuma gwangwani guda na isa kaya da yawa. Sauran burushi ne da tsinke da haƙuri. Ilimin ma yana nan kusa, makarantar adana kayan tarihin Afirka da ke Porto Novo tana horar da ma'aikata tun 1998, kuma abin da ya fi ƙarfin mai gida, kamar ƙarfen da ya fara hujewa, ma'aikatan gidan tarihi ya kamata a nuna wa kafin a taɓa.

Ajiya ce matakin ƙarshe, kuma tana da ɗan sarƙaƙiya, domin ƙarfe bushewa yake so, fata kuma bushewar bazara na fasa ta. Tsaka-tsaki ake nema, da wurin da yanayinsa ba ya yawan sauyawa: ɗakin ciki, nesa da taga da rufin kwano, cikin akwati ko kabad mai rufi. A yi masa matashi mai siffar kai da auduga da farin ƙyalle ya zauna a kai, don nauyinsa kada ya sauka a kan baki ko shafi, kuma ba a rataye shi da maɗauri. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwa, musamman a unguwannin bakin kogi da ambaliyar 2020 ta shiga. A duba shi a farkon damina cikin Yuni, a sake dubawa a ƙarshenta cikin Oktoba, a gwada da hotunan farko. Idan jar tsatsa ta ɓullo a wani wuri, a koma kan wurin kaɗai da tsinke da kaki, a rubuta ranar a takardar da ke tare da shi.