Abin da Zai Maye Gurbin Watsa Shinkafa a Bikin Aure a Filifin

A ƙasar Filifin, inda mafi yawan jama'a mabiya ɗariƙar Katolika ne, an saba watsa wa ango da amarya ɗanyar shinkafa a ƙofar coci, domin yi musu fatan yalwar arziki da zuriya. Sai dai shinkafa ita ce cimar yau da kullum a ƙasar, kuma tsadarta ta kai ga gwamnati ta ƙayyade farashinta a watan Satumban 2023, don haka zubar da ita ƙasa a lokacin ƙaranci almubazzaranci ne.

Mafi dacewa shi ne a watsa furen sampagita, wato wani ɗan farin fure mai ƙamshi da ke wakiltar ƙasar, wanda masu talla ke jerawa a zare suna sayarwa a bakin coci-coci. Yankakkiyar leda mai ƙyalli kuwa gara a guji watsa ta, saboda wuyar shara da toshe magudanan ruwa da damina.

Iyalan da ba sa son rabuwa da shinkafar suna iya ƙulla ta a ƙananan jakunkuna, baƙi su miƙa wa amarya hannu da hannu, daga baya a dafa ko a raba wa mabuƙata ta hannun cocin unguwa.