Muryar Malami a Cikin Kundi: WhatsApp da Ɗaliban Horon Malanta a Sabon Maci

Gabatarwa

Kundin koyarwa shi ne tarin shaidar aikin malami: tsarin darasinsa, ayyukan yaran ajinsa, gyaran da mai duba shi ya yi masa, da abin da ya fahimta bayan ya fito daga aji. A da takarda ce ke ɗauke da wannan duka, yau kuwa ana iya tara shi a wayar hannu. Wannan maƙala za ta duba yadda manhajar WhatsApp za ta taimaki ɗalibin horon malanta da aka tura gwajin koyarwa a wuri irin Sabon Maci, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, inda malaman da ke horar da shi a birni ba za su iya leƙa shi kullum ba.

Me ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe?

Tun shekarar 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ke nan, yadda sabon malami ke sarrafa Hausa a aji ya zama abin da ya wajaba a auna. Tsarin darasi da ke kan takarda ba ya nuna wannan. Saƙon murya kuwa yana nunawa.

Abin da murya ke tonawa

Idan ɗalibi ya naɗi minti uku na darasinsa ya aika wa mai horar da shi, abubuwa biyu za su fito fili. Na farko, surka Hausa da Faransanci: a wane wuri ya koma Hausa? Don bayyana ma'ana ne, ko don tsawatarwa kawai? Malamin da ke bayani da Faransanci, ya tanadi Hausa don faɗa, yana koya wa yara darajar harsunan biyu ba tare da ya sani ba. Na biyu, karin harshe. Yaron wannan yanki zai ce "tahi" da "shina", alhali littafi na iya cewa "tafi" da "yana". Naɗin zai nuna ko malamin ya kira furucin yaro kuskure, ko ya nuna masa cewa kari ne na gidansu, ga kuma yadda ake rubutawa.

Tarkon rubutu a waya

Inda murya ta yi rana, rubutu na iya yin dare. Yawancin masu waya suna barin baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin allon rubutunsu na Faransanci ne. Nan take "ƙafa" ta koma "kafa", "baƙi" ya koma "baki", "ɓari" ya koma "bari". A hira tsakanin abokai ana iya ganewa, amma wanda zai koyar da ƙa'idojin rubutu bai kamata hannunsa ya saba da haka ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganin yana da sauƙi: Gboard na da allon Hausa, sai a sa shi tun ranar farko, a kuma sharɗanta shi ga duk abin da zai shiga kundi.

Yadda za a tsara aikin

A buɗe ƙaramin zaure na ɗalibai kaɗan da mai horarwa ɗaya. Kowane mako ɗalibi ya aiko abu uku: hoton tsarin darasi, gajeren naɗin murya, da layi biyar na nazarin kansa. Idan layin sadarwa ya ɗauke, saƙon zai jira har ya dawo, kuma murya ba ta cin kuɗin intanet kamar bidiyo. Hoton allo kuwa a tura shi a matsayin fayil, don kada manhajar ta rage ingancinsa har rubutu ya dushe. Kada a ɗauki fuskokin yara ko a ambaci sunayensu, kuma a nemi izinin shugaban makaranta da iyaye kafin naɗi.

Kammalawa

WhatsApp hanya ce, ba rumbu ba. Waya na ɓata, na lalacewa, saƙonni kuma na binne juna. Saboda haka a ƙarshen kowane wata ɗalibi ya zaɓi abin da ya fi nuna ci gabansa, ya sa masa kwanan wata da sunan darasi, ya adana a wani ma'aji dabam. Wannan zaɓi da tunanin da ke bayansa su ne kundin. Mu kuma ɗaliban kimiyyar harshe, aikinmu shi ne mu taimaka wajen tsara ma'aunin da za a saurari waɗannan muryoyi da shi, domin yaron Sabon Maci ya samu malamin da ya san harshensa, ya kuma san yadda ake rubuta shi.