Tsakanin Sallama da Suna: Kwanakin da Shawara ke Ɓuya

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai na wani asibiti a nan Abuja. Wanda ya leƙo ɗakinmu da dare, shuɗin haske zai fara gani: 'yan gadaje a jere, kowanne da jariri daga shi sai famfas, an rufe masa idanu da ɗan ƙyalle, fitila tana haska shi. Da yawansu shawara ce ta kawo su. In na zauna da masu jegon muna hira, labarin kusan ɗaya ne. An haihu lafiya, an sallame su washegari, an koma gida an shiga hidimar suna, ba wanda ya fito da yaron ya kalle shi a hasken rana sai ranar da ya ƙi kama nono.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Da hunturu aka kawo shi, ranar da ya cika kwana 6, daga wata unguwa ta wajen Nyanya. Kakarsa ce ta rungumo shi, dattijuwa mai fara'a da ta zo daga gida takanas don wankan jego. Shawul uku na kwance kafin na kai ga jikinsa, kuma tun ban gama ba ƙamshin kafur ya buge ni. Na buɗe tafin hannunsa, rawaya shar kamar ƙwaiduwa. Na ce, "Hajiya, tun yaushe kuka ga jikinsa ya canza?" Ta ce, "'Yar nan, ai mun ɗauka fari ne, hasken dangin ubansa ya ɗauko. Shekaranjiya da muka ga idon, muka riƙa fito da shi hantsi." Tana magana yaron ya banƙare, ya tsala wani siririn kuka mai tsini. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin jarirai ta san wannan kukan, kuma ba ta son jin sa.

A daren aka yi masa canjin jini, ya kuma rayu. Amma da aka dawo da shi yana wata 6, wuyansa bai tsaya ba, in an tafa hannu a bayansa ba ya waiwayowa. Tsohuwar nan ba ta yi sakaci ba. Ita ke tashi da asuba ta dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke raya dare da jikanta. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa gaya mata, shi ya sa nake wannan rubutu.

Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, kuma nasa ba sa daɗewa kamar na babba da ke kai kwana 120. In sun mutu sai su saki wani sinadari ruwan ɗorawa da ake kira bilirubin. Hanta ce ke tace shi ta tura shi hanji, ya fita ta kashi. To hantar ɗan kwana 2 ba ta gama ƙwari ba, aikin kan fi ƙarfinta, sai sinadarin ya taru ya rina fata da farin ido. Kusan jarirai 6 cikin 10 da suka cika watanninsu suna yin shawara a makon farko, bakwaini kuwa kusan 8 cikin 10. Mafi yawa tana wucewa da kanta cikin mako 2. Sai dai a wasu yaran sinadarin yana hawa har ya ratsa cikin ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa: kurumta, shanyewar gaɓoɓi, rashin zama da tafiya a kan lokaci, wani lokaci rasa rai. Yara nawa ne a unguwanninmu ake cewa iska ta taɓa su tun suna cikin tsumma, alhali shawarar makon farko ce?

Ku lura da kwanakin. Shawara takan bayyana a rana ta 2 ko ta 3, ta kai ƙololuwa tsakanin rana ta 3 da ta 5. A lokacin an riga an sallami mai jego, wadda ta haihu a gida kuwa ba ma'aikacin lafiyar da ya ga ɗanta. Tana cikin ɗaki, labule a sake, taga a rufe saboda sanyi. Jariri na cikin hula da safa da shawul, hancinsa kawai ake gani. Uba yana Dei-Dei ko Karu yana cinikin rago, 'yan barka suna shiga suna fita, kowa ya karɓi yaro ya sa albarka a duhun ɗaki. Ga fatarmu ba ta saurin nuna rawaya. Haka shawara ke samun kwana uku tana hawa ba mai ganinta.

Maganin wannan ɓuyan bai kai minti biyu ba. Kowace safiya, daga haihuwa har a yi suna, bayan an yi wa jariri wanka, a kawo shi bakin ƙofa ko jikin taga inda hasken gari yake sosai. Hasken ƙwan lantarki da na tocilan waya suna ruɗin ido. A danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa mai tsabta, a ɗaga, a kalli wurin kafin jini ya dawo. In ya yi fari, madalla. In ya yi ruwan ɗorawa, shawara ce. A duba farin idonsa in ya buɗe, a duba dasashinsa. Daga kai take farawa, ta sauko ƙirji, ta zo ciki, ta gangara ƙafafu. Da an gan ta ko a ido ne kawai, a kai shi a auna a ranar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan aikin ido shi ne ya gano, gwajin jini ne ke faɗin yawanta.

Akwai alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu: shawarar da ta fito cikin awa 24 na farko, rawayar da ta kai tafin hannu ko tafin ƙafa, jaririn da ya ƙi nono ko yake barcin da sai an sha wuya ake tashinsa, kuka mai tsini, banƙarewa, zafin jiki ko jijjiga. Ko ƙarfe biyun dare ne, a nemi mota. Haka kuma shawarar da ta wuce mako 2, musamman in kashin yaro ya koma fari-fari kamar farar ƙasa, fitsarinsa ya yi duhu. Wannan na iya zama toshewar hanyar ɗaci daga hanta, aikin tiyata ne, kuma ya fi nasara in an yi shi kafin yaro ya cika wata 2.

Me ke sa ta wasu ta yi tsanani? Na farko, saɓanin jini. In jinin uwa rukunin O ne, na ɗan kuma A ko B, jikinta kan iya haɗa abin da zai farfasa jinin jaririn. Haka in jininta negetib ne nasa fozitib, shi ya sa ake yi wa irin wannan uwa allurar kariya cikin awa 72 bayan haihuwa, don a tsare cikin da zai biyo baya. Kowace mai ciki ta san rukunin jininta tun a wajen awo, ta kuma gaya wa mijinta.

Na biyu, wani ƙarancin sinadari na gado da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya, musamman ga 'ya'ya maza. Yaron da ke da shi lafiyarsa ƙalau, sai dai jininsa na farfashewa in ya haɗu da wasu abubuwa. Babbansu shi ne kafur, waɗannan fararen ƙwallaye da muke zubawa a akwatin kayan jariri tun ciki na wata bakwai. Ba sai ya haɗiya ba, shaƙa da taɓa fata sun isa. Haka man zafi mai mentol da ake shafa wa ƙirji ko cibiya, haka lalle in an sa wa jariri. Tunda ba a gane mai G6PD da ido, a nisanta waɗannan daga kowane jariri. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su tas, a shanya su a rana har warin ya fita.

Na uku, ƙwayoyin cuta, waɗanda sau da yawa ta cibiya suke shiga. A bar sa wa cibiya man goge baki da toka, a bar gasa ta da tsumma, a shafa man kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti. Na huɗu, rashin samun isasshen nono. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ke tura baƙin kashin farko waje, kuma ta kashi bilirubin ke fita. A sa jariri a nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, in ya cika barci a tashe shi.

Ruwan gulukos ba ya wanke shawara, cika cikin yaro yake yi ya hana shi shan nono. Haka jiƙon ɗanyar gwanda, da saiwar rawaya, da maganin ɗigawa da ake saya a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. Addu'a kuwa a yi ta, a tofa wa yaro, ana yi ana tafiya asibiti.

Sai maganar hantsi, wadda ita ce ta fi cinye mana kwanaki. Iyayenmu da suka lura rana tana rage rawaya ba su yi ƙarya ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ma, Sista Jean Ward, ta lura da haka a asibitin Rochford da ke Ingila a 1956, ta ga jikin bakwainin da ta fitar waje ya washe ban da inda zane ya rufe. Daga nan Dokta Richard Cremer da abokan aikinsa suka gwada fitila, suka wallafa sakamakon a 1958. Shuɗin haske ne ke sauya sinadarin ya zama wanda jiki zai fitar ta fitsari da kashi. Amma rana tsirara tana tafe da zafi da haskoki masu ƙona fata, tana busar da ruwan jikin jariri, kuma rabin awar hantsi ba ta kama ƙafar fitilar da ke aiki dare da rana ba. A Legas, a asibitin haihuwa na Island, an gwada sa jarirai a ƙarƙashin rumfa mai wata leda ta musamman da ke tace hasken rana, aka wallafa a 2015 cewa tana aiki. Sai dai a cikin asibiti aka yi, ma'aikata na auna zafin jikin yaran, ana kuma gwada jininsu. Wata uwa a Yenagoa, Virtue Oboro, da ɗanta ya yi shawara a 2015, har gadon fitila mai aiki da hasken sola ta ƙera, Crib A'Glow, saboda wuraren da wuta ba ta tsayawa.

In an ce za a kwantar da jaririnku, ga abin da za ku tarar. Za a tuɓe shi, a rufe masa ido don kare shi daga hasken, a riƙa ciro shi yana shan nono ana mayarwa. Kashinsa na iya yin ruwa-ruwa kore, ba abin tsoro ba ne. Yawanci kwana 2 ko 3 sun isa. Fitilar ba ta ƙona yaro, ba ta makanta shi. Canjin jini sai in an makara ko shawarar na hawa da gudu: ta jijiyar cibiya ake zuƙe jininsa kaɗan-kaɗan ana mayar masa da wani, aikin awanni, kuma sai an samo jinin da ya dace.

Kwanakin nan suna da nauyi a kan iyali. Na sha ganin mai jego zaune a kujerar roba, ƙafafu a kumbure, ɗinki na ciwo, tana kallon ɗanta ta gilashi tana share hawaye da gefen hijabi, tana tambayata a hankali, "Sista, ko nonona ne ba shi da kyau?" Nononki lafiyarsa lau, 'yar'uwa, shi ne ma abokin aikinmu. Maigida, a nan ake bukatarka. Ka kawo mata abinci mai zafi da ruwan zafi a fulas, ka samu wanda zai kula da yaran da ke gida, ka tsaya kusa ko za a nemi jini, ka kuma tare mata masu cewa a sa hannu a fito da yaro saboda an riga an gayyaci mutane. Ana raɗa suna a masallaci a yanka rago jariri yana asibiti, mun ga an yi sau da yawa. Taron mata ana iya ɗaga shi.

A Abuja, Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada suna da sashen jarirai. Ga manyan asibitoci a Asokoro, Maitama, Wuse, Kubwa, Nyanya, Bwari da Kuje. Ku je mafi kusa, ku yi tambaya biyu: za a iya auna masa shawara yau? Akwai fitila mai aiki? In babu, ku karɓi takardar turawa ku wuce gaba a ranar. Kuma ko yaro lafiya yake, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a mayar da uwa da jariri a duba su a rana ta 3, sannan tsakanin rana ta 7 da ta 14. Wani bincike da aka yi a asibitocin Najeriya, ciki har da na Kano da Zariya da Jos, ya nuna cewa iyaye matan da aka koya wa gane shawara sun fi tsira da 'ya'yansu daga taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Bayan shekara biyu da wani abu, ina bakin aiki da safe sai ga tsohuwar nan ta shigo da sabon jariri, ƙanen jikanta da aka yi wa canjin jini, ɗan kwana 3. Shawul ɗaya ne a jikinsa, ba warin kafur. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Sista, na danna hancinsa a bakin ƙofa yadda kika nuna min, na ga kamar da rawaya. A auna min shi." Aka auna, ta yi yawan da sai an sa shi a fitila. Kwana 2 ya yi, aka sallame su ana jibi suna. Da za su tafi na rako su har bakin ƙofa, inda yayan yake goye a bayan wata 'yar'uwarsu, kansa a jingine. Tsohuwar ta gyara masa hula, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce min duk gidan da aka haihu a layinsu yanzu, in ta je barka, sai ta ce a ɗaga labule a miƙo mata jaririn.