Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ake rushe tsohon laburare a gina sabo?

Wani mai sauraro daga Gusau ne ya aiko da tambaya kan dalilin da ke sa hukumomi su rushe tsohon laburare su gina sabo, maimakon su gyara wanda ake da shi.

Gyara kan wadatar idan ginin yana da ƙwari. Amma tsohon laburare an tsara shi ne domin kantocin littattafai da teburan karatu. Laburaren zamani kuwa yana buƙatar wayoyin lantarki da intanet, da ɗakin yara, da hanyar masu keken guragu, da ma'ajiya mai kare tsofaffin takardu daga laima da zafi. Cusa waɗannan cikin tsohon kankare yakan ci kuɗi sosai.

Birnin Birmingham na Ingila misali ne. Babban laburarensa da aka buɗe a 1974 ya tsufa, sai aka gina sabo a kusa da shi kan kuɗi kusan fam miliyan 190. Malala Yousafzai ce ta buɗe shi a 2013, aka kuma rushe tsohon a 2016, duk da cewa masu kishin tarihin gine-gine sun yi ta roƙon a bar shi.

Abin takaici, cikin shekara biyu da buɗe sabon laburaren kuɗin gudanarwa ya gaza. Aka rage ma'aikata, aka kuma zaftare lokutan buɗewa da kusan rabi.