Sanin Cuta Kafin Sayen Magani: Darasi Kan Fumfunar Kayan Lambu

Yawancin tumatir da albasa da tattasai da ake jibgewa a Kasuwar Muda Lawal ta birnin Bauchi gumin masu lambu ne. Daga cikin abokan gāban waɗannan bayin Allah akwai fumfuna, watau wasu ƙananan halittu masu yaɗuwa ta iska da ruwa da ƙasa da iri. Mai lambu kan yi hasara biyu idan ya sayi magani bai san cutar ba: amfani ya lalace, kuɗi kuma ya salwanta.

Alamomin cututtuka

Ta fari ita ce ƙunar ganyen tumatir, wadda fumfunar Altanariya ke kawowa. Takan fara daga tsofaffin ganyaye na ƙasa da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, kowanne da zobe cikin zobe. Wata 'yar'uwarta ke yi wa ganyen albasa tabo mai launin shunayya.

Ta biyu ita ce yaushi na fumfunar Fusariyam, wadda ke shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa. Sau da yawa gefe ɗaya na shukar ke fara yin rawaya, in kuwa aka tsaga karan sai a iske cikinsa ya yi ruwan ƙasa.

Ta uku ita ce ruɓewar gindin 'yan tsire a wurin reno, musamman inda aka cunkusa iri ko ruwa ya yi yawa.

Ba kowane yaushi ne na fumfuna ba. A yanki karan shukar da ta yi yaushi a tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau. Idan wani abu fari kamar madara ya riƙa zubowa daga yankan, to, bakteriya ce. Haka kuma tsutsar nan Tuta absoluta, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna cikin 2016, ƙwaro ce. Maganin fumfuna ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Yadda masana ke bincike

Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru ta Zariya. A 1975 aka kafa cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Ibadan, tana kuma da reshe a Dadin Kowa, wadda ke cikin Jihar Bauchi kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. A birnin Bauchi kuwa, ana koyar da ilmin aikin gona a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A ɗakin bincike, masani kan yanki ɗan ɓangaren ganye mai cuta, ya tsabtace shi, ya ɗora a kan wani abinci da aka haɗa da ruwan dankali da sukari. Bayan kamar mako guda fumfunar ta tsiro, sai ya duba siffarta da madubin ƙara girma. Daga nan ya sa wa lafiyayyar shuka ita. In alamomin farko suka sake bayyana, aka kuma sake samun fumfunar a jikinta, an tabbatar da mai laifi ke nan.

Abin da ya kamata a yi

1. A nemi iri mai jure cuta. Harafin F na sunan tumatir Roma VF yana nufin juriya ga Fusariyam.
2. Fusariyam kan shekara da shekaru a cikin ƙasa, feshi kuma ba ya warkar da shukar da ta kama. A sauya wurin da masara ko dawa har shekara 3 ko fiye.
3. A ba da tazara wajen dashe, a yi ban ruwa a gindi da safe, kada a jiƙa ganye.
4. A tuge shukar da ta kamu a ƙone.
5. Magunguna irin su Mancozeb rigakafi suke yi, saboda haka da ganin alamar farko ta ƙunar ganye ake fesawa. A sayi mai lambar NAFDAC, a bi awon da aka rubuta, a rufe hanci da baki, a kuma jira kwanakin da aka ƙayyade kafin tsinka.

Duk wanda ya ga alamar da bai gane ba, sai ya tuge shuka ɗaya har da saiwarta, ya kai wa malamin gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi, ko na jiharsa, tun cutar ba ta game lambu ba. Rigakafi dai ya fi magani.